Ranar da Dutsen Ya Huce

Ni dai dutse ya ishe ni. A kansa aka haife ni a unguwar Birni, shi ya hana Damagaram ruwa har muke wuni muna leƙen ƴan ga-ruwa, na zo na auri mai fasa shi a unguwar Kara-Kara, sannan ƙanena ɗaya tilo ya tashi ya ce shi karatun dutse zai yi. To ku gaya mini inda zan sa kaina.

Sunana Kaltuma. Ƙanen nawa Ari ne, ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Maigidana kuwa Sha'ibu, amma baban Fati nake ce masa. Tun yana saurayi yake fasa dutse a kariyer, wato filin fasa dutsen da ke bayan unguwarmu, yanzu har yana da mutanen da yake sa aiki. Tafin hannunsa kamar ɓawon itace yake.

Ari yana koyarwa a wani lise, wato makarantar sakandare, a Yamai. Da rana ya yi fama da ƴaƴan mutane, in ya taso ya hau karatun doktora. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Sa'o'insa sun yi aure, sun gina gidaje, shi yana nan a ɗaki ɗaya da tarin duwatsu a ƙarƙashin gado. Duk yarinyar da na nuna masa sai ya ce, "Yaya, bari in gama tukuna." Na gaji da kalmar nan har ba na so a ce mini tukuna ko a kasuwa.

Da rani ya zo gida a rame, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ya ce mini abu ya zo ƙarshe. Wani furofesa a ƙasar waje ya yarda a sa duwatsunsa a na'urar labo ɗinsu, wato ɗakin bincikensu, amma layi ne, sau ɗaya ake ba mutum. Jami'a kuma ta gaya masa in bai kawo sakamako bana ba za a cire sunansa, duk shekarun da ya yi su bi ruwa.

Ina kan keken ɗinki na ce, "Wai kai me kake nema a jikin dutse ne da har yanzu ba ka gani ba?"

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Yaya, nan inda muke zaune, da can ƙarƙashin manyan tsaunuka ne. Wasu ƙasashe biyu manya-manya suka taho a hankali suka yi karo, shekara miliyan ɗari shida ko kusa da haka. Abin da ke tsakaninsu ya matse, ya nutse can ƙasa. Zafi da nauyi suka dafa shi. Bai narke ba, amma ya sake kama. Tsaunukan sun zaizaye sun ƙare, mu a kan saiwarsu muke."

Na ce Allah Shi ne masani.

Ya ce haka ne. Ya ciro wani dutse daga jakarsa, mai zane-zanen baƙi da fari a lanƙwashe kamar zanen da aka matse bayan wanki. Ya sa farce ya ɓamɓaro wani ɗan ɓawo baƙi mai ƙyalli.

"An san lokacin karon. Abin da nake nema shi ne yaushe dutsenmu ya taso sama ya huce. A cikin ɗan ɓawon nan akwai wani sinadari da yake rikiɗa ya zama iska, kaɗan-kaɗan, ba ya sauri ba ya tsayawa. Tun ranar da dutsen ya huce iskar take taruwa a ciki, ba ta fita. Kamar ki ajiye tulu ƙarƙashin famfon da ke ɗiga ne. In kin san yadda yake ɗiga, kika duba ruwan da ya taru, kin san tun yaushe tulun yake wurin."

Na ce, "Famfo mai ɗiga a Damagaram? Lallai ka daɗe ba ka gida."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ce dariyar da na tuna mun yi a zuwan nan nasa.

Wahalar ita ce, ba kowane dutse ne zai yi masa ba. Yawancin duwatsun garin nan, in ji shi, daga baya suka zo. Mai zanen nan shi ne tsohon, shi ya ga karon. Ari ya bi shi daga garin Gaffati har Dogo, inda rairayi bai binne shi ba ya ruɓe, sai ka murje shi da hannu. Wuri ɗaya ya same shi da rai, wani ɗan tsiri da faɗinsa bai wuce ɗaki ba, a tsakiyar kariyer ɗin baban Fati.

Suka tafi tare da baban Fati da safe. Ari ya bi tsirin yana ɗiga masa jan fenti inda yake so. Baban Fati ya ɗaga guduma ya ɓallo guda uku daga baki-baki, kowanne ya kai kan mutum. Ari ya duba ya ce waɗannan na waje ne, sun ɗan sha rana, in babu yadda za a yi sa yi, amma ya fi son na ciki. Suka bar zancen sai gobe. Maigidan nawa kuwa ba ya iya barin abu a ƙasa, ko ƙusa ya gani sai ya tsinto. Da yamma ya lodo duwatsun nan uku a amalanke ya jibge mini su bayan turken awaki, bai gaya wa kowa ba.

Goben ba ta zo yadda aka so ba. Ari ya hau kabu-kabu zai je sayen buhuna, wani kamiyo, babbar motar kaya, ya matse su wajen Kasuwar Dole. Mai babur ya tashi yana kakkaɓe riga, ƙanena kuwa ƙashin cinyarsa ya karye. Na iske shi a asibiti yana zufa, leɓensa ya bushe, amma da ya buɗe baki ba ƙafar ya ambata ba. Cewa ya yi, "Yaya, duwatsun. Mako mai zuwa ake rufe karɓa." Wallahi na ji kamar in mare shi, na kuma ji kamar in goye shi.

Baban Fati yana tsaye a gefen gado. Mushe yake kiran Ari, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan. Ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka. Dutse ne fa. Wane iri kake so?"

"Na ciki, Yaya Sha'ibu. Sabo fil, wanda rana da ruwa ba su taɓa ba. Inda na sa jan fenti, ka shiga ciki sosai."

"An gama."

Duk wanda ya taɓa kwana a Kara-Kara ya san yadda ake shiga cikin dutse. Guduma ba ta iya shi da ransa. Tsofaffin tayoyi ake tarawa a kansa da itace a cinna wuta, a bar ta ta ci har dutsen ya yi zafi ya fara ƙara, sannan a sheƙa masa ruwa ya dare. Haka suka taso suka tarar ana yi. Hayaƙin nan shi muke shaƙa, shi yake baƙanta mana shanya.

Baban Fati bai bar wa kowa aikin ba. Da kansa ya zaɓo tayoyin, manya na kamiyo, don wutar ta shiga ciki sosai kamar yadda aka ce masa. Da kansa ya sayi ruwa a rani, lokacin da ni nake auna na girki da kofi. Da dutsen ya dare ya zauna da kurfi ya sassaƙe duk inda ya yi baƙi, ya goge, ya ce ba za a kai wa Turawa abu da datti su raina ƙanen matarsa ba. Ya naɗe su a sababbin buhuna ya kai asibiti. Ari ya sa ɗan madubinsa na ƙara girman abu ya duba, magani yana ɗibarsa, ya ce bai taɓa samun dutse mai tsabta haka ba. Ya riƙe hannun baban Fati ya yi ta godiya. Ranar maigidana ya dawo gida yana tafe yana waƙa. Na wanke masa riga mai warin taya kamar kullum.

Aka aika duwatsu. Ari ya koma Yamai da sanduna. Damina ta faɗi, gaz ɗin girki ya yi wuya a gari, in ka kai tukunyarka sai a ce ka dawo. Na gaji da sintiri, na ce ai kafin gaz da wani abu muke girki. Na zagaya bayan turke na mirgino duwatsu uku na kafa murhu a gindin katanga. Biyu sun zauna daram. Na ukun yana da tsini a gindi, sai rawa yake mini da tukunya, na haƙa rami na binne rabinsa na danne da laka.

Bayan an cire gero, wata rana da la'asar sai ga Ari a ƙofar gida, ba waya ba saƙo. Ya ajiye sanduna amma yana ɗingishi. Ko ruwan da na kawo bai sha ba. Ya zauna a tabarma yana jiran baban Fati.

Da maigidan ya shigo suka gaisa, Ari ya ce, "Yaya Sha'ibu, sakamako ya fito. Ƴan ɓawon nan kowanne da abin da yake faɗa. Wani ya ce miliyan ɗari biyar, wani ɗari biyu, wani kusan babu komai a cikinsa. Dutse ɗaya fa. Furofesa ya tambaye ni ko dutsen ya taɓa shan wuta, na ce masa a'a. Don Allah, yaya ka ciro su?"

Baban Fati ya gyara zama, har da ɗan murmushinsa. "Ai Mushe na ba shi wuta mai kyau. Tayoyin kamiyo na tara masa. Ka ce na ciki kake so."

Ari ya rufe ido.

"In dutsen ya sake yin zafi," ya ce, "ɓawon yana buɗewa, iskar ta gudu. Tulun nan da na gaya wa Yaya, ka kifar da shi. Abin da ya taru tun kafin a yi mutum, ka zubar da shi a wuni ɗaya." Sai muryarsa ta tashi. "Shekaruna ka ƙona, Yaya Sha'ibu! Kuruciyata ka tara wa taya!"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kai Ari, dakata. Ka ce masa kada ya sa wuta? A Faransa aka haife ka? Hayaƙin nan da kake gani tun kana rarrafe, ka ɗauka turaren wuta ake yi wa dutsen? Ka zauna ka yi mini karatun tulu da famfo, amma kalma ɗaya ta wuta ba ta fito daga bakinka ba."

Na juya kan maigidan ma, don shi ma haushinsa nake ji. "Kai kuma da ka sassaƙe baƙin, wa ya aike ka? Da ka bar shi da dattinsa ai da ya gani tun a asibiti."

Baban Fati yana kallon hannuwansa. Tun da na aure shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare masa laka. Na tausaya masa, na tausaya wa ƙanena, na rasa wanda zan fara rarrashi, sai na tashi na shiga ɗaki.

Can Ari ya sauko. Ya ce akwai sauran ƙofa ɗaya. Wani ɗalibi ya janye daga layin, furofesa ya ce in aka kawo dutsen da bai sha wuta ba kafin ƙarshen wata zai sa shi a gurbinsa. Bayan wannan babu wata. Ya ce gobe su koma kariyer, a ɓallo daga ɗaya gefen tsirin. Baban Fati ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Tuwon dare ma kaɗan ya taɓa.

Da safe suka fita. Ni kuma na ce ko ba komai yaron nan ya ci abinci mai kyau, na ɗora miyar kuka da busasshen kifi, na sauke, na ɗora ruwan tuwo.

Abin da ya faru a kariyer baban Fati ne ya ba ni labari daga baya. Tsirin babu shi. Tun da aka ce aikin Mushe ya ƙare, mutanensa suka bi shi da wuta a damina, don ya fi sauran daɗin darewa. An farfasa shi tsakuwa, kamiyo ya kwashe, yana ƙarƙashin gidajen mutane. Maigidan ya sani tun jiya, bakinsa ne ya kasa faɗa. Abin da suka tarar rami ne mai koren ruwa, bangonsa baƙi ƙirin. Ari ya zagaya shi da ɗingishinsa, ya sauka, ya hau, ya ɗauki wannan ya yar, ya ɗauki wancan ya yar. Daga nan ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Shi ke nan. Na gaji dama."

Kalmar nan ce ta fi ƙona baban Fati. Yana tsaye a kansa, sai ya tuna ranar farko, da guduma, da amalanke.

Ina cikin tuƙa tuwo na ji an banko ƙofa. Maigidana ya wuce ni a guje ya nufi bayan turke, awaki suka watse. Ya dawo yana haki.

"Maman Fati, duwatsun nan uku da na ajiye a nan fa?"

Ari ya shigo a bayansa, yana jan ƙafa, idonsa ya yi haske kamar na yaro. Na dubi maigida, na dubi ƙanena, na dubi ƙarƙashin tukunyata. Su ma suka bi idona.

Inna lillahi. Wuta tana ci bal-bal a tsakaninsu. Wata da watanni ke nan, safe da yamma.

Muciya ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Ni na san na wani abu ne? An jibge mini duwatsu a gida ba a ce komai ba."

Ari ya tako a hankali ya durƙusa a gefe ɗaya, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Ya dubi na farko, baƙi ne ko'ina. Na biyu ma haka. Ya ce, "Kina juya su?"

Na ce, "In zan kwashe toka nakan juya su."

"Wannan fa?"

"Wannan ba ya juyuwa. Rawa yake mini, na binne gindinsa."

Ya dubi inda lakar ta kama dutsen. Sannan ya ce, "Yaya, sauke tukunyar."

Na sauke. Na ɗauko buta zan kashe wutar, su biyun suka daka mini tsawa baki ɗaya, "Kada ki zuba ruwa!" Baban Fati ya janye itacen ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya ture garwashin gefe.

Muka zauna muna jiran dutse ya huce. Mutum uku manya, da rana tsaka, mun zuba wa murhu ido. Tuwona yana gefe yana sandarewa. Lokaci-lokaci Ari ya kai bayan hannu ya taɓa ya janye. Aka kira azahar, suka yi salla a tsakar gida, suka dawo suka zauna.

Da ya taɓu, baban Fati ya kawo ƴar fartanya ya tona gefensa a hankali, ya rungumo shi ya kwantar. Rabin sama baƙi ne. Rabin ƙasa laka ce ta manne. Ari ya sa gefen rigarsa yana gogewa, zanen baƙi da fari ya fara fitowa. Can wajen tsinin sai ga ɗigon fenti, ja wur, kamar jiya aka sa shi.

Ari ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Fentin nan ba ya jure zafi. Kafin wuta ta kai inda za ta buɗe ɓawon, shi ya riga ya ƙone ya yi baƙi. Nan wurin bai yi zafi ba." "Ban ce zai yi ba. Na waje ne, kuma kaɗan ne. Amma shi ya rage."

Sai an raba tsinin da sauran dutsen, kuma in aka buga ba daidai ba zai ruguje ya haɗe da ƙonannen. Ari ya ciro ƴar gudumarsa daga jaka. Ya ɗaga, ya sauke. Sai ya juya ƙotar ya miƙa wa baban Fati.

Maigidana ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa a bayansa. "Mushe, ni kuma? A'a. Na yi maka ɓarna sau ɗaya, ta isa."

"Yaya Sha'ibu, karɓa. Abin da na faɗa jiya, ka yafe mini."

Ya karɓa. Ya juya dutsen, ya shafa shi da babban yatsa yana bin zanen, ya ɗan ƙwanƙwasa nan da can yana saurare. Ya ɗago ya dubi Ari.

"Ba wuta," ya ce.

"Ba wuta."

Ya yi bisimilla ya buga. Tsinin ya ɓalle ya faɗo a tafin Ari, bai fi dunƙulen hannu ba, da jan ɗigonsa a kai. Tuwon nan da gudajinsa muka ci shi, a sanyaye.

Ari ya tafi da ɗan dutsensa washegari. Na nemo bulo na cike gurbin murhu. Sanyi ya shigo ya fita ba labari, baban Fati kuwa ya daina waƙa, in waya ta yi ƙara sai ya zabura. Ni na gaji da tambaya, na bar wa Allah.

Wata safiya ina shara na ga baban Fati ya dawo daga kariyer tun rana ba ta yi ba, waya a hannunsa. Maigidan ne Ari ya fara kira, ba ni ba, ni da na goye shi. Ya wuce ni ya zauna a ƙasa kusa da murhu, rigarsa tana warin taya.

Na ce, "Baban Fati, lafiya? Me ya ce?"

"Ya faɗi wata lamba mai tsawo, ban riƙe ba." Ya goge fuska da tafin nan nasa mai kaushi. "Amma ya ce ƴan ɓawon duka bakinsu ya zo ɗaya."

Daga nan ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Na jingine tsintsiya na zauna kusa da shi.